Ranar da Na Kafa Hujja da 'Yar Gajimare

Ko da zan manta komai na zaman kwaleji, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban 'yan ajinmu riƙe da jan zare ba. Har yau idan na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A shekararmu ta ƙarshe ne. Malama Hadiza, mai koyar da mu dabarun bincike, ta ce kowa ya zaɓi batun da zai yi aikin kammala karatu a kansa, ya zo ya kare shi a gaban aji. Wanda ta amince da batunsa ya wuce. Wanda ba ta amince da nasa ba, ita za ta zaɓa masa. Kowa kuwa ya san irin zaɓinta, domin akwai wadda ta taɓa ba wa toshewar kwatoci a unguwanni. Ni da nake rubuta waƙa a bangon kowane littafina, na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙare karatuna a bakin kwata ba.

Na zaɓi Kasuwar Shanu ta garinmu, Potiskum. A unguwar Hausari gidanmu yake, kuma tun ina ƙarama idan na ga tirela ta wuce da shanu, ƙahonninsu sun leƙo ta sama, sai in ji wani abu ya taɓa mini zuciya. Ina za a kai su? Suna kewar masu su? (Ka dai fara gane irin mutumniyar da kake karanta labarinta.)

Ba za a ce Malama ba ta gargaɗe mu ba. Kusan kullum sai ta ce, "Kafin ku yarda da shafi, ku tambaye shi wa ya rubuta shi, yaushe, kuma shi ɗin a ina ya ji." Na rubuta wannan magana da kyakkyawan rubutu, na zagaye ta da zanen furanni, ban sake duba ta ba.

Ranar da na fara bincike muna zaune da ƙawata Falmata a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban laburare. Tun sakandare muke tare, kuma ita ba ta iya ɓoye magana ba. Na buɗe injin bincike a wayata na rubuta masa: me makiyayi yake ji a ransa idan zai rabu da sansa a Potiskum? Ya kawo mini tallan maganin tsutsar ciki na dabbobi.

"Ke, wasiƙa kike rubuta masa?" in ji Falmata. "Kalma uku ta isa. Shanu, Potiskum, al'ada. Ki sa da Turanci ma, ya fi kawo abubuwa."

Na bi shawararta, sai ga rubuce-rubucen malaman jami'a, dogaye, cike da jadawali a kan cututtukan dabbobi da hanyoyin sufuri. Kowanne da sunan marubucinsa da jerin littattafan da ya duba. Na buɗe biyu, na yi hamma, na rufe. Ina cikin gangarawa ƙasa na ci karo da wani shafi mai hoton faɗuwar rana da inuwar bijimi.

Wayyo daɗi! Shafin ya ce a Potiskum akwai wata tsohuwar al'ada. Wai kafin makiyayi ya miƙa sansa ga mai saye, sai ya ɗaura masa jan zare a ƙahon hagu, ya sa baki a kunnensa ya rera masa waƙar bankwana. Wai direba ba ya kwance zaren sai mota ta fita daga gari, don kada san ya waiwayo ya yi kuka. Ya rufe da cewa masana sun tabbatar da haka.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne, ina karantawa ina jin kamar na san abin da zai biyo baya. Kafin in kai wajen direba, raina ya riga ya ba ni cewa akwai direba. Na dafe ƙirji na ce, "Falmata, wallahi gaskiya ne! Jinina ma ya san wannan labarin!"

"Jininki zai rubuta miki jarrabawa? Wa ya rubuta shi?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Babu suna, babu kwanan wata. Amma da na sake nema, sai na samu labarin a wasu shafuka biyu. Shafuka uku! Na ce mata ko a kotu shaidu uku sun wadatar.

"Ki tambayi Kawu Buba mana. Ba a kasuwar yake wuni ba?"

Kawu Buba ƙanin Ummana ne, dillalin shanu, tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Duk Juma'a a gidanmu yake cin tuwo. Ni kuwa na ɗaga kai na ce, "Falmata, Kawu dillali ne. Ni masana nake nema." (Allah ya yafe mini wannan magana. Kawu dai ya yafe, bayan ya gama dariya.)

Kwana huɗu na yi ina shiri kamar mai shirin biki. Na shiga kasuwa na sayo ƙullin jan zare a wajen masu kayan ɗinki. Da yake shafukan ba su kawo baitocin waƙar bankwanar ba, sai na ga ai ba laifi in tsara guda huɗu "don misali". Ina wanke-wanke ina rerawa, har Umma ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya. A cikin keke napep ma, ranar da za a yi abin, ina ta motsa baki har wata tsohuwa da ke gefena ta ce, "Allah ya karɓa, 'yata." Ta zaci zikiri nake yi.

Ni ce ta biyar. Na fito da atamfata mai ruwan sararin sama, na gaishe da Malama, na fara. Kai, na yi magana a ranar! Na kwatanta ƙurar kasuwa da kukan maruƙa, na kawo makiyayi har gaban sansa. Sannan na zaro jan zaren daga jaka na ɗaga shi sama, na rera baitocina huɗu da murya mai rawa. Wata a layin gaba har da share ido. Da na gama aka ɗauki tafi, ni kuma ina jin kamar ƙafafuna ba sa taɓa siminti.

Malama Hadiza ta gyara zaman tabaranta tana murmushi.

"Ma sha Allah. A garin nan aka haife ni, amma ban taɓa jin wannan ba. A ina kika samo?"

"A shafuka uku daban-daban, Malama." Har da ɗaga yatsu uku.

"Madalla. Zo mu bi sawunsu tare, kowa ya ƙaru."

Kwamfutarta na haɗe da majigi, duk abin da ta buɗe yana fitowa ƙato a jikin bango. Na ba ta adireshin shafin farko cikin alfahari. Ta kwafi jimla guda daga ciki, ta sa ta tsakanin alamun zance, ta ce wa aji, "Idan kuka yi haka, injin zai nemo muku inda aka rubuta wannan jimla sak, ba mai kama da ita ba." Ta danna.

Shafukana uku suka fito a jere. Jimla ɗaya, kalma bayan kalma. Har wani kuskuren rubutu da ke na farko yana nan a na biyu da na uku.

"To, shaidunki uku sun zama ɗaya," in ji ta. "Biyu sun kwafa ne kawai. Saura mu ga wanda aka kwafa."

Ban karaya ba tukuna. A raina na ce ai yanzu za a ga sunan babban farfesan da ya fara rubutawa, in ƙara samun tafi. Ta buɗe wanda ya fi tsufa, ta gangara can ƙasa, inda ni ban taɓa kaiwa ba. Da ƙananan haruffa an rubuta cewa an fassara labarin ne daga Hausa, daga rubutun wata mai suna 'Yar Gajimare.

Sunan nan na san shi sarai.

Daga bayan aji na ji Falmata ta ce, "La ilaha illallahu."

Ya kamata in yi maka bayani, mai karatu. Lokacin ina aji biyar na sakandare, nakan ari wayar Umma in shiga wani shafin sada zumunta in zuba abin da na kira adabi. Ban sa sunana ba. Na zaɓi wanda na ga ya dace da ni.

"Malama," na ce da wata siririyar murya, "ina ga ba sai an buɗe ba."

Ta riga ta danna.

Ga shi nan a bango, faɗin ƙofa biyu. Hoton wata yarinya da hijabin makaranta, ta kare rabin fuskarta da furen roba, ta ɗaga ido sama kamar mai jiran saƙo daga gajimare. Rabin fuskar da ya rage kuwa ya isa kowa ya gane ta, domin ga mai ita nan tsaye a gefen hoton, da jan zare a hannu. A ƙasa ga labarin makiyayi da sansa, da zaren, da direban, duka da Hausata ta 'yar shekara goma sha shida. Malama ta karanta layin ƙarshe da ƙarfi, a hankali:

"Wannan labari na ƙirƙire shi ne yau da ake ruwa, zuciyata cike da kewa."

Ba ta tsaya nan ba. Akwai sharhi guda ɗaya tak a ƙasan rubutun, shi ma ta karanta: "Ke dai Allah ya shirye ki. Ki zo mu yi aikin lissafi." Sunan mai sharhin Falmata.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗo daga benci. Wadda ta share hawaye ɗazu ta juyo tana cewa, "Ki biya ni kukana!" Falmata ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na rasa inda zan sa zaren. Na tura shi jaka, ya maƙale a zif, ya warware, ƙullin ya gangara har gaban takalmin Malama.

Ta sunkuya ta ɗauka. Ita ma tana fama da danne dariya.

"Shekara nawa ina koyarwa," ta ce, "na ga masu satar rubutun wasu. Yau na ga wadda aka sace wa rubutu, ta bi ɓarayin ta karɓo shi a matsayin hujja." Ta jira aji ya lafa. "Batunki bai tsaya ba. Amma na ba ki mako ɗaya. Ki je kasuwar da ƙafarki, ki tambayi masu abin. Idan kika dawo hannu wofi, kwatocin Hausari na jiran ki."

Ranar kasuwa na bi Kawu Buba. Tun a hanya na ba shi labari, ya tsaya ya dafa bango yana dariya har hularsa ta karkace.

"Waƙa? 'Yar nan, sa yana fizgar igiya zai cire mini kafaɗa, ni kuma in tsaya rera masa waƙa a kunne? Ai sai dai a rera mini a asibiti!"

Amma ya zaga da ni ko'ina. Ya nuna mini alamomin fenti da masu saye ke shafawa a bayan shanu don kada nasu su cakuɗe da na wani wajen lodi. Ya haɗa ni da wani dattijon Bafulatani da ya kawo shanu biyu. Na gaishe shi, na tambaye shi cikin jin kunya ko akwai abin da yake yi idan zai rabu da dabbarsa. Ya amsa da Hausarsa mai karyewa.

"Ba na yin komai. Amma in za a hau da ita mota, ba na kallo. Ina juya baya."

Na rubuta wannan a littafina, da sunansa da ranar da wurin, bayan na nemi izininsa. Bai kai jan zare ƙawa ba, amma wannan karon na san bakin da ya faɗa. Da na koma gida na buɗe dogayen rubuce-rubucen nan da suka sa ni hamma, na karanta su har ƙarshe, sai ga bayanin fentin Kawu a cikin ɗaya.

Da mako ya cika na kai wa Malama sabon batu: yadda labarin ƙarya kan Kasuwar Shanu ya yi yawo a intanet, da abin da 'yan kasuwar suka faɗa da bakinsu. Ta karanta, ta sa hannu, ta buɗe aljihun teburinta ta miƙo mini ƙullin zarena.

"Ki ajiye. Shi ne hujjarki ta farko."

Na tsira daga kwata, amma ban tsira daga suna ba. Har yau idan Kawu ya shigo cin tuwon Juma'a, tun daga zaure yake kira, "Ina Farfesa 'Yar Gajimare?" Na yi ƙoƙarin goge tsohon rubutun, sai na tarar na manta kalmar sirrin shafin, layin wayar Umma na wancan lokacin kuma ya daɗe da ɓata. Yana nan, da furen roba da komai, yana jiran wata mai taushin zuciya irina.

Yanzu duk shafin da na buɗe sai na gangara har ƙasa na ga wa ya rubuta shi. Idan kuwa na ji labari ya yi mini daɗi sosai, ya faɗi daidai abin da raina ke so, to nan nake ƙara bincikawa. Wataƙila ni ce na rubuta shi ranar da ake ruwa.