Randar da Ba Ta Haye Gada Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi Bahri, can ƙetaren kogi, jarrabawar baƙar ɗamara ta karate, ni da kakata Haboba a raksha, keken haya mai ƙafa uku. Kafin nan na gama shelanta wa telolin layinmu a Kasuwar Umdurman cewa da ɗamarar zan dawo. (Har ƙusar da zan rataye ta na buga a shagonmu na ɗinki.)

Shekara huɗu ina koyo a tsakar gidan Ustaz Bashir, wani dattijon maƙeri. Ni faɗa nake so, shi kuwa kullum kata, wato jerin taku da naushi da juyi da mutum zai haddace, ya yi shi kaɗai, ya ƙare a inda ya fara. Sai na samo dabara. Juyin farko wajen randa, na biyu wajen darbejiya, na ƙarshe wajen ƙofar gida. In ya ce, "Rufe ido ka sake, ya zol," wato kai mutumin nan, sai in bar ɗaya a ɗan buɗe. Gani nake na fi kowa wayo.

Ashe zauren Bahri ba randa, ba darbejiya. Bango huɗu ne farare tas, sai alƙalai uku a kan teburi. Na fara da ƙarfina. A juyi na biyu na nemi bishiyata na rasa, sai kawai na juya inda Allah ya nufa. Na ci gaba da dukan iska, na kurma ihun ƙarshe, na haɗe ƙafa, na rusuna cikin ladabi.

Da na ɗago, ƙofar bayi ce a gabana. Alƙalan kuwa baya na juya musu, a sunkuye. Sai Haboba ta rangaɗa guɗa, a zatonta na ci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar komawa gida, muna kan gada, ta ce, "Ma'alesh ya waladi, yi haƙuri ɗana, amma don me ka gaida bayi ka bar manya?"

Washegari na tarar Ustaz ya canja wa randa wuri. Bai yi dariya ba (gara ma ya yi). Cewa kawai ya yi, "Kata a jikinka take zama, ba a tsakar gidana ba. Rufe ido. Duka biyun."

Shekara guda ƙusar nan tana riƙe da almakashi, teloli na tambayata ko wannan ce ɗamarar. A nan na gane cewa karatun da ka ba randa ajiya, ranar jarrabawa a gida zai tsaya.