Jaket da Fatar Ragon Layya

Ranar da Kawu ya zo daga Gusau sanye da jaket irin ta matuƙa jirgin sama, har gaisuwa na manta. Na shafa ta, laushi kamar kunnen jariri, ga wani ƙamshi mai sa mutum ya nutsu. Ya ce fatar akuya ce, ta fi ta tunkiya ƙarko, ba ta kai ta saniya nauyi ba, kuma da bagaruwa aka jeme ta.

Bagaruwa? Wadda ke zube a bayan gidanmu na Bungudu? Nan take na naɗa kaina majemi.

Washegarin Babbar Salla na ɗauke fatar ragon layya, wadda Kaka ta ware don a yi mata buzun salla. Na daka bagaruwa, na jiƙa fatar a tsohuwar randa, na rufe. Kankare kitse da sauran nama kuwa, na ce wahalar banza ce.

Bayan mako guda na buɗe. Allah mai iko! Ban san akwai wari irin wannan a duniya ba. Kaji suka watse, jakin maƙwabta ya tsinke igiya, ungulaye suka jeru a kan katanga cikin ladabi kamar 'yan ɗaurin aure.

Kaka ta fito toshe da hanci. "Wa ya mutu?"

"Buzunki ne, Kaka. Jaket zai zama."

Ta leƙa randar, ta dubi katanga. "To, Kyaftin, ga fasinjojinka sun iso."

Har yau in ungulu ta gifta, sai wani ya ƙwala mini kira: "Kyaftin, yi sauri, jirginka zai tafi ya bar ka!"