Rasuwar Lemar da ta Tsare Fuskar Jamilatu

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Ruƙayyatu Labbo ta garin Isa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar lemarmu shuɗiya, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar a ƙofar gida.

Mahaifin yarana ne ya sayo marigayiya daga Maraɗi domin damina, daminar kuwa ta ƙi zuwa. Shekara biyu tana rataye a ƙusa ba ta san ɗigon ruwa ba.

Aikinta ya samu ne ta dalilin ɗiyata Jamilatu, mai shekara goma, wadda man tuyar ƙosai ya bar wa tabo a kunci. A Sakkwato likita ta bi tabon da wata na'ura mai ɗumama fata, don tsohuwar ta saɓule sabuwa ta fito. Ta kafa mana sharuɗɗa: ba susa, ba sabulu mai kaifi, a wanke da tafasasshen ruwa da ya huce, a shafa man da ta ba mu. Babban cikinsu shi ne rana. In ta doki wurin kafin mako shida, zai yi baƙi fiye da da.

Rana kuwa ita kaɗai muke da ita a wadace bana.

Marigayiya ta ɗauki wannan amana ba gunaguni. Da safe takan buɗe da “fat!”, da yamma ta rufe da ɗan “ƙiii” na mai ciwon baya. Ta raka Jamilatu makaranta da Islamiyya, ta bi mu layin rijiya, ta je biki Tozai a bayan babur. Ta jure dariyar 'yan kasuwa. Ta jure zargin Inna Kande maƙwabciyarmu, wadda ta bi gida gida tana cewa yawo da lema sama tas shi ke korar hadari. Innar ce kuma ta kawo mana toka da man kaɗe a shafa wa yarinya. Na karɓa da godiya, na shafe ƙafafuna.

Jinyar marigayiya ta fara ne ranar da akuyarmu, da ta rasa ciyawa, ta ci gefenta. Na yi mata faci da tsohon ɗankwali. Daga baya ƙarfe biyu suka karye, na ɗaure da zaren kitso. Haka ta lallaɓa har mako shida suka cika cif ranar Litinin.

Washegari hadari ya taso daga gabas. Jamilatu ta fita da ita a guje don ta ga abin da aka yi ta dominsa. Ɗigo uku suka sauka a kanta, “tap, tap, tap”, sai iska ta juye ta. Kalmarta ta ƙarshe “ɓaras”. Daga ɗigo ukun nan hadarin ya watse, Inna Kande ta ce maganarta ta fito.

Ta bar ƙarafa shida, da rabin kwalbar man shafawa, da malafar mahaifin yarana wadda za ta gaje ta, da kunci guda sumul mai launi ɗaya da ɗan'uwansa.

Za ni rufe bakin randa da ƙyallenta ranar Juma'a. Mariƙin lemar kuwa, Jamilatu ta riƙe, ta ce ba ta ba kowa. Ana karɓar gaisuwa bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Duk wanda ya zo ya wanke hannu a ƙofa, kuncin kuma a duba da ido kawai, har da Inna Kande.