Kaskon Gawayi a Cikin Tanti

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na kusa kashe Malam Sani da sunan taimako. Ɗakinmu ɗaya a Jami'ar Ainu Shams da ke Alƙahira. Da ɗalibai suka shirya zuwa duwatsun Sina'i a hutun hunturu, a kwana a tanti a ga dusar ƙanƙara, ya ce shi karatu ya kawo shi Masar. Ni na matsa masa. "Haba Malam, ɗan Funtuwa ne fa ni, wane sanyi ne ban sani ba? Bar mini komai." (Allah Ya shirye ni.)

Bayan azahar muka isa, a gajiye liƙis. Jagoranmu, wani dattijon Balaraben dutse, Ammu Salim, ya yi ta bayani yana nuna ƙananan kafofi a saman tantin. Larabcin nasa ba irin na littafi ba ne. Ina ta "tamam, tamam," ko rabi ban gane ba.

Dusar na fara zuba muka shige. Sai na fito da makamina: ɗan kasko da gawayin da na ɗauko tun daga Alƙahira. Haka Inna take yi mana a gida, ai. Na hura wuta, na zuge tantin, kafofin nan kuwa na toshe su da safa, ina mamakin sakacin wanda ya ɗinka.

Ɗumi ya yi daɗi. Can Malam Sani ya ce, "Kaina na sarawa." Na ce masa tsayin dutse ne, ya ɗan kwanta. Har da shafa masa kafaɗa, ni ga likita.

Da magariba Ammu Salim bai gan mu a sahu ba, ya biyo mu. Ya tarar da mu a sheme cikin tantin. Ta ƙafa ya jawo ni waje, gaban kowa. Ina durƙushe ina amai, yana ɗaga safata sama yana faɗa: gawayi a rufaffen tanti yakan kashe mutum ba hayaƙi, ba ƙara. Wannan karon na gane kowace kalma. Malam Sani kuwa sai da aka daɗe ana yi masa fifita kafin ya buɗe ido. Tsoro da kunya suka taru suka danne ni, na kasa kallonsa.

Na dai koyi cewa in ban gane ba, in ce ban gane ba. Malam Sani bai taɓa yi mini gori ba, "ma'alish" kawai ya ce, wato ba komai. Amma har yau in na tashi kunna gas zan dafa shayi, sai ya ajiye littafinsa, ya miƙe a hankali, ya buɗe taga.