Sara Uku a Jikin Kanya

"Lafiya lau na kwana, har sai da na ga fuskarka," in ji Iya 'Yar'azumi. "Ina gajiyar yawon banza?"

"Babu gajiya, amarya. Ya gwiwar? Ko har yanzu ita ke kawo miki labarin duniya?"

Ni ina bayan zanar da ta raba gidanmu da nata, ina ɗaure tukwane a tsohon zane, kuma ban ji kunyar kasa kunne ba, don maganar ta shafe ni. Mai gaisuwar Rilwanu ne, jikanta, ɗan 'yarta ta fari. Bana aka sa shi a kwamitin agajin gaggawa na nan Guri, aka ba shi wata riga marar hannu mai ruwan lemo, wadda ko daga Baturiya za ka hango shi a cikinta. Tun jiya yake bin gida gida yana cewa a koma makarantar kan tudu kafin la'asar ta yau, ruwa na tafe. Gida goma sha ɗaya ne a layinmu, kuma amsa ɗaya suka ba shi, har da mijina Tasi'u: in Iya ta tashi, mun tashi.

Dalili kuwa wata kanya ce a gangaren da ke tsakanin ƙofar Iya da kogi. Shekara arba'in da suka wuce marigayi Malam Bunu, mijinta, ya yi mata sara uku da gatari, ɗaya bisa ɗaya. In ruwa ya taɓa saran farko, a ɗaga hatsi sama. In ya taɓa na biyu, a kora dabbobi tudu. In ya kai na uku, mutane su bi bayansu. Tun da ya rasu Iya ce ke duba kanyar kowace safiya, kuma ba mai motsa ko tabarma sai ta faɗa. Ni dai 'ya'yana uku ne ƙanana, kuma tun jiya hankalina ba ya jikina.

"Wannan fa da ka sako?" Iya ta ce. "Gwanda ce ta nuna, ko mutum ne?"

"Rigar gwamnati ce, Iya. Ki yi mata magana da ladabi."

"Yadi ne ya ƙare wa gwamnatin ta hana ka hannuwa?"

"Da gangan aka yanke, don in ji daɗin ɗaukar tsofaffi masu taurin kai. Zuwa na yi ki tare. Mota na bakin masallaci."

"In tare ina? Mijin da ko kaza bai ajiye ba? Wa ma ya aiko ka?"

"Doka."

"'Yar gidan wa ce?"

Na ji ya ja turmi ya zauna. "Buɗe kunnen nan mai ji, ki sha karatu kyauta. Akwai masu auna ruwan sama, akwai masu auna ruwan kogi. Su suka ga abin da ke gangarowa daga wajen Kano, suka gaya wa babbar hukumar agaji ta ƙasa da ke Abuja. Doka ta ce kowace jiha ta kafa tata hukumar, to ta Abuja ta gaya wa ta Dutse. Ta Dutse ta gaya wa kwamitinmu na ƙaramar hukuma. Kwamiti ya tara hakimi da bulamai, aka raba aiki: wasu su share makaranta, wasu su nemo mota, malamin asibiti ya kai magani. Ni kuma aka ba ni layinku."

"Tsaya. Daga Abuja zuwa Dutse, daga Dutse zuwa Guri, aka yi ta tankaɗe, aka yi ta tankaɗe, kai ne abin da ya rage a rariya?"

"Ni ne."

"Ashe dusa aka aiko mana."

"Ai tsohuwar akuya dusa ake kai wa."

Sai da na toshe bakina da gefen zane. Iya ta yi tsaki mai tsawo, amma na san tsakinta, na jin daɗi ne.

"Kai ɗan nema, ka ɗauka ku kaɗai ke da hukuma? Ni ma ina da tawa, kuma ta girmi taku. Gwiwata ta dama ita ce Abuja. Tururuwar bayan murhu ita ce Dutse, in ta fara kwasar ƙwai tana hawa bango, na san saƙo ya iso. Kanya kuwa ita ce alƙali, daga ita ba ɗaukaka ƙara."

"Madalla. To Abujarki me ta ce?"

"Tana ɗan taɓa ni tun shekaranjiya."

"Dutse fa?"

"Sun ɗan yi kai-kawo. Tururuwa dama ba ta da aikin yi, kamar kai."

"Hukuma biyu sun ce ki tashi ke nan."

"Alƙali bai ce ba. Da sassafe na je da ƙafata. Ruwa ko gindin kanya bai kai ba. Bara war haka ya sha saran farko har ya leƙa na biyu. Bana kogi ramewa ya yi, kamar kai ranar da aka ce ka yi noma."

"Iya, kwana tara ana ruwa a yamma ba ɗagawa. Ina kike jin duk wannan ruwan ya tafi? Umara?"

"Ka bi shi ka tambaye shi, ai kai ne mai riga."

"Na bi shi. Jiya na shiga hanyar ruwan nan ta gaban gidanki da kwalekwale. Ciyawar kachala ta cinye ta kaf, ko sandar tuƙi ba ta wucewa. Ruwa ya zo ya tarar an rufe masa ƙofa, ya juya ta fadamar baya. Kanyarki na nan tana gadin hanyar da ba mai bi."

"Ruwan Guri bai taɓa shigowa ta baya ba. Kakanka ya san kogin nan tun uwarka ba ta iya ɗaura zane ba."

"Kakana ya san kogin da babu kachala."

"Kada ka sa bakinka mai kama da na tarwaɗa a maganar Bunu."

Nan muryarta ta sauya, kuma in Iya ta yi fushi na gaske to ko hakimi ne ya zo sai dai ya koma. Na tabbata yau a nan za mu kwana. Amma Rilwanu a hannunta ya tashi, ya san inda ake taka ta da inda ake ɗaga ƙafa.

"Kishi ne ke cina," ya ce. "Shekara goma sha biyu da rasuwarsa, har yanzu shi ake yi wa biyayya. Ni mijin da ke raye, tun da na shigo ko ruwan sha ba a ba ni ba."

"Ba ka ce ruwa na tafe ba? Jira shi."

"To na jira. Ina agwaginki? Ban ji hayaniyar dangin amarya ba yau."

"Suna baya, wajen kuɓewa. Sun fi ka sanin inda abinci yake."

"Mu yi alkawari, ni da ke. Mu je bayan gidan nan yanzu. In kuɓewarki a bushe take, in cire rigar nan in ba ki ki riƙa sauke tukunya da ita, in koma in gaya wa kwamiti matata ta fi ƙarfina."

"In kuma ba a bushe take ba?"

"Ki tare yau."

"Na daɗe ina son tsumma mai haske," in ji Iya. "Miƙo min sandata."

Na bar tukwane na bi jikin zana har inda akuya ta huda ta, na sa ido. Tun daminar nan ta yi nisa Iya ba ta zuwa baya saboda santsi, sai dai ta watsa wa agwagi dusa daga bakin ɗaki. Ta zagayo rumbu tana dogara sanda, shi yana bayanta yana kwaikwayon tafiyarta. Sai ta tsaya cak.

Agwaginta bakwai suna iyo a tsakanin kunyoyin kuɓewa, hankali kwance. Ruwa ya shanye kunya huɗu na ƙasa, kuma gindin katangar baya ya yi baƙi da laima kusan kamu ɗaya.

"Ruwan sama ne," ta ce.

"Kwana uku ba a yi ko yayyafi a garin nan ba."

"Ya kwanta ne bai tafi ba."

Rilwanu ya tuɓe takalmi ya shiga, ya sa hannu biyu ya kamfato, ya kawo mata har gaban hanci. 'Yar karfasa ce kamar ɗan yatsa take wutsil-wutsil a tafinsa.

"Wannan ma daga sama ta faɗo?"

Iya ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta juya ta kalli wajen ƙofar gida, inda kan kanya ke leƙowa ta saman katanga. Ni da nake ta addu'ar ta sha kaye, sai na ji tausayinta ya kama ni, don ba Rilwanu ne ya kayar da ita ba, kuma ta sani.

"Ruwan zamani ba shi da tarbiyya," ta ce daga ƙarshe. "Bunu ya yi masa ƙofa a gaba, shi kuma ya hauro ta baya ba sallama."

"Shi ya sa gwamnati ta aiko miki kyakkyawan saurayi."

"Ta dai aiko abin da ta samu." Ta ɗaga murya ba tare da ta waiwayo ba. "Maijidda, daina leƙe, tun ɗazu nake ganin idonki. Je ki gaya wa Tasi'u ya gaya wa sauran. A ɗaga hatsi, a kora dabbobi, a fito da yara."

"Har ukun, Iya?"

"Ukun a haɗe, kafin azahar."

Ban san lokacin da na isa zaure ba. Kafin in dawo layi ya kaure, ana ta fito da buhuna da tabarmi, maganar da rigar lemo ta kwana tana yi ba a ji ba ta shiga kunnen kowa. Na leƙa gidan Iya in taya ta haɗa kaya, na tarar ba su gama ba.

"Gaban mota zan zauna, ba a ɗora amarya kan buhu."

"An ba ki."

"Agwagina ma za su."

"Iya, tsarin ya ce a fara da tsofaffi da yara da masu ciki. Agwagwa a wane layi take?"

"Layin surukanka. Ka kama su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka gaishe su."

Ta shiga ɗaki ta jima, muna jin tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da shi a naɗe cikin tsohon rawani, ta warware. Gatari ne, ƙotarsa ta yi sulɓi don tsufa. Duk wanda ya tashi a layinmu ya san na wane ne, ko da bai taɓa ganinsa ba.

"Sadakina ne?" in ji Rilwanu. "A garinku mace ke biya?"

"Rufe bakin ka ji. In ruwa ya janye, ka dawo ka duba inda ya tsaya a jikin ɗorawar da ke bayan gidan nan. Ka yi mata sara uku, irin na gaba. Abujarka ka kai mata labari a takarda, ban hana ba, da saƙonta bai zo ba da yau a ruwa za mu kwana. Amma matan layin nan itace suka iya karantawa."

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Maijidda, kin gani? Gwanda ta yi shiru."

"Nauyi ne da shi, Iya," ya ce, kansa a ƙasa.

"Na sani. Shi ya sa kawunnanka uku ban ba ko ɗaya ba." Ta miƙa masa hannu ya kama, tana dariya har haƙorinta guda na sama ya bayyana. "Tashi mu je, maigida. Kuma ka riƙe shi da kyau, in ka sari ƙafarka ba ni jinyar gurgu a makaranta."