Ranar Da Asansar Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Yamai ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani. Lokacin ina darektan wata lakkwal, wato makarantar firamare, kusa da Tabla, sai aka zaɓe ni in wakilci malaman yankinmu na Kurfai a taron kwana uku da jami'a ta shirya kan koyar da yara da harshen gida. Har jawabi aka ce zan karanta. Insifektanmu kuwa ya riga ya raɗa mini cewa idan na fidda su kunya, akwai kujerar mai ba malamai shawara a Filinge tana jirana.

Ni da Mushe Idi (Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu), wani malami daga Abala, muka shiga mota ɗaya. Tun daga Baleyara nake cika shi da labarin Yamai, wai na san ta kamar tsakar gidanmu (gaskiyar magana sau biyu na taɓa zuwa, ɗaya ma rakiyar mara lafiya ce, ban ga komai ba sai bangon asibiti).

Aka sauke mu a wani tsohon otel a tsakiyar gari, ginin zamanin Nasara. Bango mai kauri, fanka tana juyi a hankali kamar mai azumi, ga hotunan turawa masu gashin baki suna hararar kowa. Abin alfaharin gidan shi ne asansar, wato wani kejin ƙarfe mai hawa da mutane bene. Ƙofarta raga ce da ake ja da hannu, na ciki ana ganinsa sarai kamar kaza a akurki.

Idi ya dube ta ya ce, "Darekta, ni dai matakala za ni bi. Wagga aba ta girme ma babana."

Na ce, "Kai Idi, ƙauyanci na damunka. Mu da munka saba!"

Duk da haka ranar matakala na bi tare da shi, wai don kada ya ji kaɗaici.

Washegari na caɓa ado: babbar riga ta shadda, hula, turare har yana sa ni atishawa. Mun gama karin kumallo, falon otel ya cika da manyan malaman jami'a da ɗaliban da suka zo raka mu, ga Insifekta tsaye a tsakiya. Sai na tuna na bar takardar jawabi a ɗaki. Da na bi matakala shiru, da yau ba ni da labari. Amma Shaiɗan ya ce mini, ga ranar nuna wayewa.

Na shiga keji ina taku ɗaiɗai, na ja raga, na danna maɓalli. Abar ta yi gurnani, ta girgiza, ta ɗaga. Sai ji na yi ƙarau, ta tsaya cak, fitilarta ta mutu, wani abu kuma ya finciko ni ta baya har wuyan riga ya shaƙe ni. Na runtse ido. A raina na gama yanke cewa ina reto tsakanin sama da ƙasa, igiya kuma saura ƙiris ta tsinke.

Na fara da salati, wannan ba laifi. Abin da ya biyo baya ne matsalar.

"Idi! Idi, na tahi! Ka hwaɗa ma Rabi ta yahe mini!"

(Rabi matata ce, malama ce a lakkwal ɗin da nake darekta.)

"Ka ce mata jawabin ga da za ni karantawa, Allah na gani ita tar rubuta shi, ni sunana kawai nis sa! Kuma ban taɓa shiga wagga aba ba tun da anka haihe ni!"

Sai na ji wata murya a natse, kusa da ni ƙwarai.

"Kala suru, Mushe. Yi haƙuri, buɗe idonka."

Baba Hamani ne, tsohon Bazabarmen da ke karɓar baƙi. Na buɗe ido, sai ga mu kusan fuska da fuska. Asansar ɗin ko gwiwarsa ba ta wuce ba. Ashe gefen rigata ne ya maƙale a raga, ƙofa ba ta rufu ba, ita kuma ta ƙi tafiya. Ya zare rigar, ya miƙo mini hannu, na sauko kamar mai sauka daga amalanke.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wallahi wannan ya fi ciwo. Idi ne ya fara fashewa, har yana riƙe ginshiƙi. Insifekta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya ce, "Darekta, ba ni lambar wayar Madam Rabi."

Jawabi dai na karanta shi a jami'a, aka kuma tafa sosai. Farfesan da ke shugabantar zaman ya jawo makirho ya ce, "Muna godiya ga Madam Rabi, da kuma wanda ya karanta mata." Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige har da hula.

Labari ya riga ni isa gida. Rabi ta tarbe ni da ruwa, fuskarta ba ko murmushi, ta ce, "Sannu da arziki, Malam. An ce daga nesa kah hwaɗo. To, na yahe."

Kujerar Filinge ita aka ba. Yanzu duk zango tana zuwa lakkwal ɗina bisa babur, ta zauna bayan aji da jan biro tana duba yadda nake koyarwa, ni kuma in ce mata "Madam".

Abin da na koya shi ne, faɗin gaskiya abu ne mai kyau, sai dai idan ka ji kamar mutuwa ta zo, fara buɗe ido ka duba nisan ƙasa kafin ka buɗe baki.