Taimama da Wasiƙar Sarki

Ba zan taɓa mantawa da lokacin da aka cire mini yanar ido ba. Likita ya ce kada ruwa ya taɓa fuskata, sai dai taimama. To ina ƙasa a benenmu na unguwar Ka'akiyya a Makka? Ko'ina tayil ne, sumul kamar faranti.

Ina lalube a ɗakin jikata Safiya, mai karatun tarihi a jami'a, sai na ci karo da wani ɗan curin yumɓu a bakin taga, faɗin tafin hannu, duk an tsattsaga shi kamar kaji sun yi tono. Na ce Allah ya kawo. Na ajiye shi ƙarƙashin darduma, salla biyar da shi nake yi.

Ranar da matan unguwa suka zo dubiya, na fito da shi ina yi musu wa'azi (ni da ko alif ban sani ba). Na ce wannan zanen sawun tsutsa ne, alamar ƙasa mai tsarki. Hajiya Balaraba maƙwabciyata har da sumbatarsa.

Safiya ta shigo da shayi, ta tsaya cak.

"Sitti, wannan fa wasiƙa ce. Ta sarakunan da, tun kafin Annabi Isa. Ni na kwafa don jarrabawa."

Balaraba ta goge baki da mayafi. Ni kuwa sai na tuna na taɓa jin malami ya ce gasasshen yumɓu ba ya taimama. Sallolina ke nan duk sun tafi?

"Ke 'yar nan, kin gasa shi?"

"A rana na shanya shi, Sitti."

Na sauke numfashi. Ɗanyen yumɓu ƙasa ne, ko sarkin wace duniya ya yi magana a kai.

"To me ya ce, mai wasiƙar?"

"Wani sarki ne yake yi wa ɗan'uwansa sarki ƙorafi. Wai ya kwanta ciwo, bai aiko an gaishe shi ba."

Matan suka bushe da dariya. Balaraba ta ce, "Mu dai shaida, mun zo."

Safiya ta duba abinta, ta ce tafina ya shafe rabin ƙorafin, amma za ta sake tsagawa. Na ce ai na rage masa fushi ne.

Tun daga ranar, in na ga zane a jikin abu, sai na tambaya kafin in yi fatawa. Kuma ko mura maƙwabciya ta yi, ina zuwa dubiya, kada a rubuta ni a yumɓu.